Tururuwa a Ludayin Kaka

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, shekarar da Madam ta shayar da ƙanena ba za ta fita raina ba. Lokacin Faransa ba ta sake mu ba tukuna, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, babanmu baduku ne a unguwar Birni.

Madam ita ce malamarmu. Bayerabiya ce daga kudu, Kirista 'yar Baftis, mijinta yana sayar da yadi a unguwar Zango. Da goyon 'yarta take shiga aji, kuma ba ta fara darasi sai ta rufe ido ta motsa baki. Wannan motsa bakin shi ne ya hana iyayenmu sakin jiki da ita.

Innarmu ta rasu bayan suna, ta bar jariri. Nonon akuya ya sa shi zawo har idonsa ya faɗa. Masu jego na unguwa kuwa kowacce ta kawo uzuri, don ana raɗe-raɗin bakin yaron ne ya tafi da uwarsa. Da Madam ta ga ina kuka a aji ta tambaye ni, da la'asar sai ga ta a zaurenmu, ta ce tana da nono, a ba ta shi.

Kaka, uwar babanmu, ta dube ta tun daga ɗankwali har takalmi. A ganinta hali da addini a nono ake shansu, kuma ba wanda ke kyauta irin wannan a banza. Amma yaro ya daina ko kukan kirki, dole ta yarda, bisa sharaɗi. Sai an tatsa a ludayi an jefa tururuwa, in ta fita da rai nono lafiyayye ne. Tururuwa ta fita abinta. Mutane sau ɗaya suke wannan gwaji, Kaka kuwa kullum take yi, har na fara tausayin tururuwar gidanmu. In yaron ya gama sha Kaka ta wanke masa baki da rubutu. Duk Madam tana kallo.

Ni ma, gaskiya, tsoronta nake ji. Tana rungume shi za ta rufe ido ta fara motsa baki.

Yaro ya murmure, sai 'yar Madam ta fara ramewa. Kaka ta lura ƙanena ake fara ba nono, 'yar kuma a ɗura mata koko. Nan zarginta ya cika. Ta ce wa babanmu macen da ke hana nata don na wani, so take ta mallake shi, daga yau an gama. Ni kuwa na san nonon akuya ne zai dawo.

Da Madam ta zo, Kaka ta tare ƙofar ɗaki.

"Me kike so da jikana? Me kike tofa masa in kin rufe ido?"

Madam ta durƙusa yadda suke gaida manya, ta ce da Hausarta mai karkata, "Iya, tawa ta yi haƙori, kuma tana da uwa. Shi fa? Abin da nake faɗa, Ubangiji ka riga ka ɗauki uwarsa, to ka bar mana shi. Shi ke nan."

Kaka ta kauce daga ƙofa. Washegari ban ga ludayi ba. Kwarya na gani cike da kunun kanwa mai zafi, irin wanda Kaka ta dama wa Innarmu da ta haihu. Ta tura gaban Madam tana harara, ta ce ta shanye, mai shayar da biyu ba ta zama da yunwa.

Bayan samun 'yancin kai Madam da mijinta suka koma garinsu. Ƙanena ya girma, shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu. Ranar da labarin rasuwar Madam ya iso, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna karɓar gaisuwa. Maƙwabta suka yi ta kallon juna, wani ya tambaye shi wa aka rasa. Ya ce uwarsa.

Tun daga nan na koyi cewa in ban fahimci mutum ba, in buɗe baki in tambaye shi. Mun yi watanni muna tsoron addu'ar da ake yi wa ɗanmu.