Gonar Baba Ta Fito Koriya

Gonar da mahaifina ya gada tsirara ce. Tana wani ƙauye arewa da Agiye, jigawa zalla, idan iskar farkon damina ta taso sai rairayi ya binne tsiron hatsi, a koma a sake shuka. Tun ina 'yar lakol, wato makarantar boko, nake ganinsa yana abin da maƙwabta ke yi masa dariya a kai. Lokacin sassabe, in ya tarar da tohon gawo ko kalgo ko sabara, ba ya tumɓuke shi. Sai ya zaɓi reshe mai ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Daga baya aka raɗa wa abin suna sassaben zamani, baƙi suka riƙa zuwa da motoci suna ɗaukar hoto. Kafin in gama karatun zanen taswira a Yamai, gonar ta cika da gawo, hatsi da wake suna yi a ƙarƙashinsu fiye da ko'ina, kuma masu dariyar sun fara kwaikwayonsa.

Na samu aiki a wani buro, ofishin da aka ba kwangilar sabunta taswirar yankinmu, daga Gazawa har Gidan Rumji. Manufar ita ce a raba gonaki da daji, a fitar da burtali da makiyaya, a kafa turakun siminti, rigimar manoma da makiyaya ta ragu. Na yi murna da aikin. Ni ce mace ɗaya a ɗakin na'ura, kuma ni kaɗai ce 'yar yankin da ake zanawa.

Ga yadda ake yi. Ana sayo hotunan tauraron ɗan Adam, a zuba su cikin na'ura, ita kuma ta rarraba ƙasa bisa wata ƙa'ida da aka aiko mana a rubuce daga sama. Ƙa'idar ta ce inda itatuwa suka rufe ƙasa fiye da wani mizani, daji ne, a shafa masa kore. Inda babu, gona ce, a shafa ruwan ɗorawa. Launi na uku, na gona mai itatuwa, babu shi. Kuma ƙa'idar ta ce a yi amfani da hotunan rani, don babu gajimare.

Duk wanda ya girma kusa da gawo ya san inda wannan magana za ta kai. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi lif. Da rani an girbe hatsi, an kwashe kara, babu alamar noma da za a gani daga sama. Abin da tauraron ya gani kawai shi ne kawunan gawo.

Ranar da na buɗe taswirar ɓangarenmu, sai da na tashi tsaye. Gonar Baba koriya shar, daga iyaka zuwa iyaka. Ta ƙanensa ma haka, da ta duk wanda ya bi sahunsa. Gonakin da masu su suka aske ƙal, waɗanda ko inuwar ajiye butar ruwa babu, su ne suka fito ruwan ɗorawa lafiya lau.

Na shiga wurin shugabanmu, wanda muke kira Shef, na juya masa fuskar na'urar.

"Shef, wannan ba daji ba ne. Gonar mahaifina ce. A nan na koyi shuka."

Ya ce, "Ba ni na ce daji ba ne, ƙa'ida ce ta ce."

"Ƙa'idar ta yi kuskure. A ba ni mota in je in ɗauko makin da ke nuna inda gonakin suke, da hotuna."

"An riga an zaɓi wuraren da za a je a tantance, kuma na'ura ce ta zaɓa, don kada son rai ya shiga. Ke kuma kin faɗa da bakinki gonar babanki ce. Wa zai karɓi shaidarki?"

Na tafi duk da haka, na biya kuɗin mota daga aljihuna, ranar da babu aiki. Damina ta kankama, hatsi ya kai ƙugu. Na zagaye gonakin da na'urar ɗaukar maki, na ɗauki hoton kunya-kunya a gindin kowane gawo. Wani Bafillace, abokin Baba da ke sauka gonar kowane rani shanunsa su ci 'ya'yan gawo su bar taki, ya ce in rubuta cewa shi bai taɓa ɗaukar wurin makiyaya ba. Na haɗa komai na kai. Shef ya duba, ya ce aikin ya yi kyau, amma an riga an amince da taswirar a Yamai. In aka canza launin gona ɗaya sai an sake duba duka, masu ba da kuɗi kuma suna jira. Ya ce a zagaye na gaba za a lura.

Na ce, "Kafin zagaye na gaba an kafa turaku."

Ya ɗaga kafaɗa. Har yau in na tuna wannan ɗaga kafaɗar sai in ji zuciyata na tafasa. Mutumin ba mugu ba ne, bai ci hanci ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ya ga gaskiya a hoto da idonsa, amma cikar wa'adi ta fi masa hatsin mutane nauyi.

Bayan kaka aka kawo taswirar ƙauyenmu, aka shimfiɗa a ƙofar gidan mai gari. Aka bayyana cewa koren wurin nan za a shigar da shi makiyaya, wanda ke da ƙorafi ya kai. Manoma suka kai, aka ce ana dubawa. Baba ya kira ni ta waya.

"Ɗiyata, an ce ku kuka zana abin nan."

"Mu ne, Baba, amma na yi musu bayani, ban daina ba."

"Hwaɗa mini abu guda. Mi ya sa tawa ta zama daji, ta maƙwabcina ta gabas ta zama gona?"

Na fara kame-kame. Ya sake tambaya. Ban iya yi masa ƙarya ba, na ce saboda itatuwa ne.

Ya ce, "To, na ji." Ya kashe wayar.

Mahaifiyata ce ta aiko in zo da sauri. Na sauka a Agiye na hau kabu-kabu, tun daga nesa na ga sararin da ban saba gani ba. Baba na tsakiyar gona da gatari, rigarsa ta jiƙe sharkaf, gawo da yawa kwance a ƙasa da ganyensu ɗanye, awakin gari sun yi musu caa. Na riƙe ƙotar gatarin.

"Baba, don Allah! Hoton an riga an ɗauka, ko ka sare duka launin ba zai canza ba."

"Sake mini. In suka zo da turakunsu su ga gona da idonsu. Ba tsirara suke so ba? Ga ta nan."

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ƙanensa da wasu biyu suka yi yadda ya yi. Masu kula da daji suka zo, don doka ta hana sare gawo, suka karɓe gatarin, suka tafi da shi ya yini yana amsa tambayoyi. Dattijon da ake kawo baƙi gonarsa a nuna musu abin koyi, shi ne zaune kan benci ana yi masa faɗa a kan darajar itace.

Da masu kafa turaku suka iso, suka tarar da kututture da tsofaffin kunyoyi, ga mai gari da Bafillacen nan sun tsaya a kan magana ɗaya, cewa wurin gona ne. Suka kauce wa gonakin, suka bi tsohon burtali. Baba ya ce gatarinsa ne ya ceci gonar. Wataƙila shaidar mutane ce, wataƙila ƙorafin ne ya isa inda ya kamata. Ban sani ba, ban kuma yi masa gardama ba.

Bayan wasu shekaru sabuwar ƙa'ida ta zo da launi na uku, aka kuma ce a riƙa haɗa hoton rani da na kaka. A taron da aka gabatar da ita, wani masani ya kira abin ci gaba, aka tafa. Na ɗaga hannu na ce akwai gonakin da aka sare kafin wannan ci gaban ya iso, ina so a rubuta haka cikin rahoton. Mai jagorantar taron ya ce ba ya cikin ajanda, ya ba wani dama. Na tattara takarduna na fita, ban jira abincin rana ba.