Jirgina ya ci, Ilu ya tafi da kofi

Jama'a, yau na ci tsere an hana ni kofi.

A dam ɗin Jibiya aka yi gasar ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ake juyawa da rimot, don taimakon asibiti. Nawa na gado ne. Babana da ƙanensa suka sayo biyu iri ɗaya sak a shekarun saba'in, lokacin da arzikin man fetur ya fashe. Ɗayan yana hannun Ilu, ɗan baffan nawa, wanda ya tsallako daga Maraɗi takanas don ya kunyata ni.

Aka busa usur. Jirgi ɗaya ya maƙale a ciyawa, ɗayan ya yi gaba. Ina murza rimot, Ilu na murzawa, kowa na cewa na gaban nashi ne.

Aka ɗago wanda ya ci. Sunan babana ne a gindinsa.

Sai Ilu ya ce, "Alƙali, a buɗe rimot ɗinsa. Ban ga fitilarsa ta kama ba."

Aka buɗe. Ba batir! Ashe maiɗakina ta cire ta sa a rediyo.

Ilu ya dafa ni. "Rimot ɗinmu iri ɗaya ne, Yaya, nawa ne ya kama jirginka. Ni na tuƙa maka."

Kofi ya tsallake boda. Na dawo gida na tarar da rediyon nan yana ta waƙa da batirina. Kada wanda ya ƙara yi mini zancen zumunci.