Butocin da Alhaji Mudi Ya Maido

Har yau ban manta da ranar da motar butocinmu ta dawo daga Mararaba a cike, kamar yadda ta tafi ba. Ku da kuka shigo kamfanin nan daga baya, ku saurara.

A lokacin ni ce shugabar mata masu wankin tsohuwar roba. Doka ce ta kawo sashenmu. Hukuma ta ce duk mai yin kayan roba sai ya haɗa da tsohuwar roba, ya kuma buga tambari a jikin kayan, kibiyoyin nan uku masu bin juna. Dokar ce ta ba ni aiki, amma ban taɓa sakin jiki da ita ba. Ban yi boko ba, sai dai na daɗe a Abuja, na san duk abin da ya zo da takarda da farar mota, akwai mai ci a bayansa.

Ga yadda aikin yake. 'Yan bola jari su kawo fasassun bokitai da kujeru daga Kuje da Karshi. Mu ware su kala-kala, inji ya niƙe, mu wanke a tanki uku: ruwan soda, ruwan zafi, sannan ruwa mai gudu. A shanya, a narkar, buta ta fito.

Manajanmu, Oga Bulus, ya sa aka buga tambarin ƙanƙane a gindin buta, wai don kada a lura. To Bahaushe kuma ba ya sayen buta sai ya kifa ta ya duba ko za ta yi yoyo. Haka Alhaji Mudi ya gani. Shi ne babban dilanmu, mutumin Kano mai shago a Mararaba, sauran 'yan kasuwa abin da ya yi suke bi. Ya maido motar, ya aiko direba da saƙo cewa shi ba zai sayar wa musulmi butar alwala da aka yi da kayan bola ba, wa ya san ko har da fo ɗin yara a ciki.

Oga ya kira ni ofis, ya ce doka ta hana shi komawa sabuwar roba zalla. In Alhaji ya ƙi, za a daina yin buta, rabin matan sashena kuma su tafi gida. Yawancinsu zawarawa ne masu ciyar da yara.

Ni kuma wani abu ya tsaya mini a rai. Alhajin nan ya daɗe yana sayar da bokitanmu masu wannan tambarin, ana zuba ruwan sha a ciki, bai taɓa cewa uffan ba. Me ya sa tsoron Allah ya tashi a kan buta kawai, kuma dab da azumi, lokacin da aka fi sayenta? Na ce wa Oga ya gayyato shi ya ga wankin da idonsa, amma ya zo da limamin layinsu.

Suka zo da hantsi. Na zaga da su tanki bayan tanki. Liman dattijo ne mai natsuwa, ya tsoma hannu a tanki na uku, ya ɗebo robar ya shinshina, ya tambayi daga ina ruwan yake zuwa, ina yake tafiya. Ya ce shi bai ga abin shakka ba, an wanke, an ɗauraye, robar ta kuma bi ta wuta.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "Haka ne, Malam. Amma masu saye ba za su gane ba. Sai dai in Oga zai rage mini farashi."

Na ce a raina, yawwa, ga inda aka dosa.

Ana cikin haka aka kira azahar. Na je motar da ya maido, na zaro buta biyu, na cika su da ruwa. Na durƙusa na miƙa wa Liman ɗaya. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya fara alwala. Na juya na miƙa wa Alhaji ɗayar.

"Ga ruwa, Alhaji. Ko kai a nemo maka wata daban da ta Malam?"

Ya dube ni, ya dubi Liman. Ya ce, "Iya, ke dai ba ki da dama." Ya naɗe hannun riga ya tsuguna.

Motar ta koma Mararaba da yamma, ba a rage ko kwabo ba, ba a sallami mace ko ɗaya ba. Bayan ƙaramar salla direba ya gaya mini Alhaji yana jera butocin a kife, tambari a sama, yana ce wa ma'aikatan gwamnati wannan ce mai kare muhalli, har ya ɗan ƙara mata kuɗi.

Abin da na koya ke nan a sana'ar nan. In doka ta sauya kaya, kada ku ɓoye, ku buɗe ƙofa a ga yadda ake yi. In kuma ɗan kasuwa ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, ku bar shi ya gama magana, ƙarshenta ne zai gaya muku abin da ya zo nema.

Ni da hannuna na wanke robar nan, na san tana da tsarki. Amma tsohuwar butata ta ƙarfe tana nan a gida, ban jefar ba.