Yadda na zama mai kitson ƙawata

A unguwar Koki aka haife ni, a gidan haya. Babana ɗinkin hula yake yi a zaure. Ƙawata kuwa 'yar unguwar Zaitawa ce, gidansu bene, mahaifinta babban ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai. Ajin adabi ne ya haɗa mu a sakandare, benci ɗaya.

Tsofaffin littattafan da ake sa mu karantawa kusan zancensu ɗaya ne: talaka da mai kuɗi su ƙulla abota, duniya ta raba su. Ni haushi suke ba ni. Ita kuwa wata rana ta ce da ni, "Kin lura masu kuɗin cikin littattafan nan ba su da abokin hira?"

Na ce, "To, su ba mu kuɗin mana, mu ba su hirar."

Ta yi dariya har malama ta juyo. Sai daga baya na gane da kanta take.

Wanda take so ta aura, ɗan babban gida, suka tare a unguwar masu hali can wajen gari. Ni kuma na zama malamar firamare. Muka yi shekaru sai gaisuwa a waya.

Rannan ta kira ni, ta ce, "Don Allah ki zo."

Na hau adaidaita na je. Mai gadi ya shanya ni a rana kafin ya buɗe. Na same ta a wani makeken falo ita kaɗai, ta rame. Mijinta kullum yana kan tafiya. Uwar mijin, Hajiya, ita ke juya gidan, kuma ba ta son 'yan cikin gari su shigo, wai roƙo ke kawo su.

Muna cikin magana Hajiyar ta leƙo, ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan fa?"

Ƙawata ta ce, "Mai kitso ce, Hajiya."

Raina ya ɓaci, na ɗauki jakata. Hajiya na fita ƙawata ta riƙe mini hannu. "In na ce ƙawata ce, ba za ki ƙara shigowa ba. Ki yi haƙuri."

Na zauna.

Ban iya kitso ba sai kalaba, ita ma a karkace. Haka na riƙa zuwa duk Asabar. Ta ɗora kai a cinyata, ina tsefewa ina kitsawa, tana ta zuba kamar wadda ta daɗe ba ta yi magana ba. Na sha ce mata ta gaya wa iyayenta. Sai ta ce, "In ce musu me? Ba a dukana, ba a hana ni abinci."

Wata Asabar Hajiya ta tsaya a kanmu, ta taɓa kitson. "Wannan shi ne kitso?"

Da na koma, mai gadi ya ce an samo wata daga shagon gyaran gashi, ni an sallame ni. Na tsaya a bakin ƙofar ina kiran wayarta, ba ta ɗaga ba.

Yanzu takan ɗaga wani lokaci. In na tambaye ta, sai ta ce lafiya lau, da muryar wadda ake saurare. Ni ma in ce lafiya lau, in ce ta gaida Hajiya.