Ƙofar da na ƙi gogewa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Usta Haruna, mai goge fentin motoci a bayan kasuwar Hajj Abdalla. Allah Ya jiƙansa. Ni na gaji rumfar da injin gogewarsa, kuma duk lokacin da watan nan ya kama sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana duba aikina, bai gamsu ba.

Haruna mutum ne da ba ya yarda da mota, balle mai ita. In ka kawo masa, ba ya dubawa a inuwa. Sai an tura ta tsakiyar rana, ya wanke ta da kansa, ya sunkuya ya karkata kai. A nan ne zane-zanen nan masu kewaye kamar saƙar gizo-gizo ke bayyana, aikin masu share ƙura da busasshen tsumma. Waɗannan ba ya magana a kansu, soso da bolish sun ishe su. Amma in ya ga karce, sai ya bi shi da farce, ya ɗago ya ce, "Mi ya yi wannan?" Ka ce ƙayar hanyar gona ce, ya ce ƙaya ba ta barin jan fenti.

Ya sha korar ciniki a kan haka. Sau ɗaya tak zatonsa ya tabbata a gabana, ranar da ya ƙi taɓa motar wani direba mai sauri, zuwa la'asar aka ji shi ne ya buge amalanken wani tsoho ya gudu. Sauran kuwa bayin Allah ne kawai ya ɓata wa rai. Nakan ce masa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, shi kuma ya ce hannunsa ba zai share wa kowa sawu ba. Na yi masa dariya ba adadi.

Bai ga yaƙin nan ba, kuma wani lokaci ina ganin rufin asiri ne Allah Ya yi masa. Tun da aka watse aka dawo, gari ya cika da motocin da ba a san asalinsu ba. Lamba sabuwa, takardu wai sun ƙone, kuɗin kuwa kamar na jaki. Da yana raye da rumfar nan ta daɗe da rufewa, don ba wadda za ta tsallake tambayarsa. Ni na koyi kau da kai. In faɗi gaskiya, na goge da yawa ban buɗe baki ba, ina da iyali.

Sai bayan kaka ga Siddiƙ, babban ɗan Haruna, magidanci mai 'ya'ya uku, ya zo min da farar boksi, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, wai a Damazin ya saya don jigilar albasa. Na yi murna har raina. Ya ce ƙofar direba ce kawai ta dushe, in gyara masa. Na wanke, muka tura ta rana, na sunkuya. Wani ya bi wurin da sanfara, takardar nan mai kaushi ta kankare fenti, kewaye-kewaye, faɗin faifai. A ƙarƙashin zanen kuma, inda rubutu ya daɗe yana kare fenti daga rana, inuwar haruffa tana nan. Sunan ya tafi, saura kalma ɗaya ta Larabci: wa auladuhu. Wato motar wane ce da 'ya'yansa.

"Wa ya sayar maka?" na ce.

"Dillali ne, ya ammi, baffana. Takardu na tafe."

"Zo ka duba nan."

"Ban ga komi ba, kai ma kada ka gani. Ka goge ma baƙi ba tambaya, sai ni ɗan wanka? Goge kawai, halas, magana ta ƙare."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Na ɗauki injin, aikin bai fi na shan shayi ba. Amma hannuna ya ƙi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma na kasa daina tunanin waɗancan 'ya'yan da inda suke yanzu. Na miƙa masa makullinsa.

Har yau ban san ko zaluntarsa na yi ba. Wataƙila mai motar ne yunwa ta sa ya sayar, ya kankare sunansa don kunya. Siddiƙ ya kai ta garin Suki aka goge masa tas, kuma tun ranar bai ƙara gaishe ni ba. Uwarsa, Hajja Asha, ta aika aka kira ni, ta wanke ni sarai. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ta ce na tozarta maraya a bainar kasuwa. Na sunkuyar da kai na sha, raina a ɓace.

Idan na auna abin da Haruna ya bari, injin ya kusa mutuwa, masu tuna sunansa a kasuwa sun ragu. Halin nan nasa mai hana mutum sakewa ne kawai ya ƙi bin sa kabari, kuma na ɗauka ni kaɗai ya bar wa wannan jidali.

Makon jiya muka yi masa sadaka a ƙauye. Siddiƙ ya loda tukwane da mata a bayan boksi, ya buɗe wa uwarsa gaba. Hajja Asha ta tsaya ta dubi ƙofar nan mai sheƙi. Ta ce bayanta ba ya son kujerar mota, a kira mata maƙwabci mai amalanken jaki. A kansa ta tafi, cikin rana, ba ta dubi ɗanta ba, ni ma ba ta dube ni ba.