Malam Gwadabe, Mai Ɗinka wa Mutane Sunansu

Na Allah muke, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, 2025, makonni biyu bayan ƙaramar Sallah, Allah Ya karɓi ran Malam Gwadabe mai tambari a gidansa da ke Gumel, bayan jinyar kwana tara. An yi masa sutura bayan la'asar.

Wanda bai san shi ba zai ce tela ne kawai mai keken surfani. Mu 'yan kasuwa mun san abin da muka rasa. Shi ne mai yin ɗan ƙyallen nan da ake liƙawa a cikin hula ko a gefen jaka, mai ɗauke da sunan wanda ya yi aikin da garinsa. A Kano sai ka ce guda dubu kake so kafin a dube ka. Shi ko goma ce zai yi maka, a kuɗin da bai fi na ƙosai da koko ba, domin guntayen shaddar da teloli ke sharewa yake tsincewa. Gefe ɗaya boko, gefe ɗaya ajami, saboda mutanen ƙauye da baƙinmu na Damagaram.

Malam, bari in faɗi yadda muka haɗu, ko da yake labarin bai yi mini ado ba. Ni dillalin huluna ne a kasuwar Maigatari. Akwai wata baiwar Allah a Ɗanzomo, Rakiyya, mijinta ya rasu, da allura take ciyar da gidanta. Shekara shida ina karɓar hulunanta ina sayarwa da sunan 'yan Barno ne, don hular Barno ta fi daraja a idon mai saye. Rannan na kawo maka guda uku, na ce ka liƙa mini sunan garin Bama na Barno a ciki, aikin ya cika. Ka juya ɗaya, ka bi zaren da babban yatsanka.

"Ɗantsoho," ka ce, "matar da ta yi wannan ta yi wata guda idonta na kan allura. Kai kuma kana so ka ɗauke aikin ka kai wa mutanen da ba su nema ba?"

Na ce kasuwa ce, Malam. Ka ce to kekenka bai iya rubuta Bama ba. Na yi fushi na kwana biyu, na uku kuma ga ni a bayanka a kan babur, muna hanyar Ɗanzomo.

Daga zaure muka yi magana da Rakiyya, ka nemi ta yarda a sa sunanta a hulunan. Ta ce ita sam, ba za a riƙa karanta sunanta a bakin maza a tsakiyar kasuwa ba. Ka ce to a sa sunan 'yarta. Ta yarda. Da muka fito ka tambaye ni sunan yarinyar, ni kuma da rawar kai na ce ai Amina ce. Ka koma ka zauna ka ɗinka hamsin cif: "Ɗinkin Maman Amina, Ɗanzomo." Da aka kai mata sai ta mayar da su a ƙulle, ko kallo na biyu ba ta yi musu ba. Ashe Amina 'yar fari ce, wadda tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba. Mu biyu, da furfurarmu, muka manta da alkunya. Wani telan cewa zai yi aiki ya riga ya gama. Kai dariya ka yi har da hawaye, ka ce laifinka ne da ka tambayi dillali. Ka warware su ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da sunan autarta, Tayyiba.

Na ɗauka cinikina ya mutu. Gaskiya kuwa ya ɗan rame, don wasu sun gane hanyar Ɗanzomo da kansu. Amma duk ranar Alhamis, ranar kasuwarmu, yanzu sai a ga wani Alhaji ya tsallako daga Nijar, ya juya hula kafin ya tambayi kuɗinta, yana neman Maman Tayyiba. Ta yi wa ɗakinta rufin kwano. Haka ka yi wa masu saƙa jaka a Gagarawa da masu ɗinkin zanen gado a Sule Tankarkar. Mutanen da a da ba a san da su ba, ka sa ana kiransu da suna.

Da na je duba ka ranar Juma'a, muryarka ta yi ƙasa, ka sa aka miƙo mini ƙunshi. Tambari arba'in ne na Rakiyya, aikinka na ƙarshe. Ka ce, "Kai mata. Kuma kada in ji Bama ta dawo." Ka san halina, Malam. A ranar da aka rufe ka wani ya kawo mini tallar tamburan Kano, masu sunan duk garin da nake so. Ban karɓa ba. Jiya na kai ƙunshin Ɗanzomo, na ji kukanta daga zaure. Idan arba'in ɗin nan sun ƙare, da bakina zan riƙa faɗin wadda ta yi.

Na tsaya a maƙabarta na dubi makwancinka. Ƙasa ce da 'yan itatuwa, ba rubutu ko ɗaya, kamar na kowa. A duk ƙyallayen da ka ɗinka ma ba ka taɓa sa naka sunan ba. Wanda ka yi dominSa Ya san shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Hajiya Zinariya, da babban ɗansa Abdulƙahhar da ƙannensa, da duk mai sana'ar hannu da ke da sunansa a jikin aikinsa saboda wannan bawan Allah. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ɗantsoho dillalin huluna, Maigatari.