Inuwar da Adda Dudu ta bari a ƙofar dispanser

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Adda Dudu, maƙwabciyata a Garwa, wadda katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita Bafulatana ce, ni Bahaushiya. Ta yi mini faɗa da Fulatanci in rama da Hausa, kuma ba mu taɓa kwana da fushin juna ba. Allah Ya jiƙanta. Ban zo in sa kowa kuka ba, domin ita kanta ko a gidan makoki sai ta sa wata ta ɓoye dariya cikin mayafi.

Wanda ya san Garwa ya san ranarta. A wancan lokacin ƙofar dispanser ɗin unguwarmu, wato ƙaramin asibitinmu, fili ne fetal, ko ciyawa babu. Ranar awo da rigakafi mata kan yi layi da goyo, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin silifa, jarirai na kuka har muryarsu ta dishe. Da idona na ga mai ciki ta sulale ƙasa. Sannu a hankali wasu suka daina kai yaransu, su ce gara su zauna gida. Wannan ne ya hana Adda Dudu sakat.

Muna da ƙungiyar mata ta biki da suna, ba mu da ofis, ba mu da takarda, tabarmar tsakar gidanta ce majalisarmu. Nan ta kawo shawara cewa duk gidan da aka yi suna, a dasa darbejiya ɗaya a ƙofar dispanser da sunan jaririn, uwar kuma ta riƙa ba ta ruwa. Ba a nemi ruwan sha ba, na alwala da na wankin shinkafa ya isa, a tara a bidon, wato jarka, a kai. Mata suka yi na'am. Damina na sauka muka fara, har ana gasa.

Sai akuya ta shiga maganar. Wata safiya aka tarar ta cinye dashen Buba, ɗan Maimuna matar mai gyaran moto, wato babur, ta bar ɗan tsinke. A makon nan kuma zazzaɓi ya kama yaron, kamar yadda yake kama yara kowace damina. Maimuna ta shigo mana ba ko sallama, ɗankwali a hannu.

"Adda, kin ɗaura ran ɗana a jikin itace, ga shi akuya ta cinye."

"Akuya ganye ta ci, 'yar nan. Kin kai shi ya ga madam ta dispanser?"

Ta kai shi, ya sha magani, ya warke, yau shi ne ke hana unguwa barcin rana da ƙarar moto. Amma magana ta riga ta zagaya. Kowace uwa ta ce a cire sunan ɗanta. Wata ta je ta tumɓuke nata ta kai bayan ɗaki, tana gadinsa kamar kaza a kan ƙwai. Malamin unguwa ya yi wa'azi cewa rai ba ya rataye a reshe, mata suka ce gaskiya ne malam, amma ba wadda ta koma da bidon. Dashen suka fara zubar da ganye, na ce wa Adda Dudu aikin nan ya mutu.

Tana tankaɗe a lokacin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Talatu, mu muka yi wauta, muka sa sunan masu rai. Mu sa na waɗanda suka riga mu. Uwata ta rasu tuni, akuya ba za ta ƙara mata komai ba."

Haka aka juya abin. Kowane dashe ya zama sadaka ga mamaci: wannan na mahaifiyar wane, wancan na kakan su wance. Ni kuma aka ba ni aikin da ya dace da halina. Bayan asuba nakan zagaya in tura yatsa a gindin kowane. In na ji ƙasa a bushe, sai in wuce gidan mai shi in tsaya a zaure, in ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Alhaji, mahaifiyarka na jin ƙishirwa."

Alhajin nan babban ɗan kasuwa ne, mai shaguna, amma na gan shi da babbar riga yana saɓe da bidon, yana haki. Wani ya kewaye na ubansa da ƙaya, na kusa da shi ya ga haka ya sa bulo, na uku ya kawo tsohuwar ganga. Ba wanda ke so a ce tasa uwar ce ta fi ramewa a layi. Adda Dudu takan tsaya daga nesa tana dariya har da riƙe ciki, ta ce ni ce kaɗai macen da ke zagin mutum a gode mata.

Ta ga bishiyoyin sun wuce tsayin mutum kafin ta tafi. Ba ta ga sun haɗe kai sun rufe filin ba.

Yanzu ƙungiyar ta koma hannun 'ya'yanmu, maza da mata, suna shawara a waya. Sun sa an haƙa foraj, rijiyar burtsatse, sun kafa fitila mai aiki da rana, bana kuma kwalbati suke so a gyara kafin ruwa ya sake shiga gidaje. Nakan tambayi kaina me Adda Dudu za ta ce. Foraj ɗin zai faranta mata, ita da ta sha ɗaukar ruwa a ka. Hotunan da suke ɗauka kafin su taɓa shebur kuwa, da sun sha ba'a. Amma na san za ta bar su su yi ta hanyarsu, don ta fi ni haƙuri da yara. Ni har gobe ina zagayawa, sai dai da sanda.

Adda Dudu ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar shanu ba, allon da aka kafa a bakin foraj ma babu sunanta. Ranar awon da ta wuce na zauna a benci a ƙarƙashin bishiyoyin, layi ya cika har bakin titi, jarirai na barci a baya. Wata yarinya da goyon fari tana kakkaɓe 'ya'yan darbejiya daga zanenta tana tsaki.

"Goggo, wai wa ya ce a cika wurin nan da itatuwa? Dubi yadda suka ɓata mini atamfa."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, sai na fasa. Yarinyar nan ba ta san an taɓa yin rana a wurin ba. Na matsa gefe, na ba ta wuri ta zauna.